Yadda ake zana wuƙar aljihu mai kayan aiki da yawa a kwamfuta, a kuma gano inda za ta karye

Wuƙar aljihu ta farko da na karya, ba wajen yanka ta karye ba. Murfin gwangwanin fenti na so in ɓamɓare, na cusa tsininta a ƙarƙashinsa na danna gefe, sai na ji ƙas. Kusan rabin santimita na tsinin ya yi tsalle, ban ma ga inda ya faɗi ba. Wuƙar nan kuwa ta shekara tana yanka igiya da kwali da itace, ko gezau. Sai daga baya da na zana irinta a kwamfuta na ɗora mata lodi, na gane cewa yanka shi ne aiki mafi sauƙi a wurinta. Abin da ke cin ta shi ne dannawa ta gefe, da murɗawa, sai kuma wahalar da sifirin bayanta, wato ƙarfen da ke lanƙwasawa ya dawo yana danne abin yankan, ke sha kullum aka buɗe aka rufe.

Ga hanyar da nake bi. Kana buƙatar wuƙa guda da ba za ka ji ciwon kwance ta ba, da ma'aunin kauri na dijital wanda ake kira kalifa, da ƙaramin sikeli mai nuna giram, da na'urar sikana ko kyamarar waya, sai manhaja. FreeCAD kyauta ce, tana da sashen zane da sashen FEM, wato na lissafin yadda lodi ke shafar jikin abu, mai aiki da CalculiX wajen lissafi da Gmsh ko Netgen wajen saƙa raga, wato daddatsa zanen zuwa ƙananan ƙwayoyi. PrePoMax ita ma kyauta ce, CalculiX ɗin take amfani da shi, kuma a ganina ta fi daɗin sha'ani in an zo batun sassa masu gogar juna. Mai SolidWorks ko Fusion ko Ansys ya yi da abin da ke hannunsa, matakan duk ɗaya ne.

Mataki na farko: kwance ta ka ga cikinta

Ɓamɓare murafun gefe biyu, za ka ga kawunan ƙusoshin da suka ratsa wuƙar daga wannan gefe zuwa wancan. Goge kawunan da magagari ko ka huda su a hankali, ka tura ƙusoshin su fita. Kafin ka ɗaga komai, ɗauki hoto. Ɗaga falle ɗaya, sake ɗaukar hoto. Wanda ya tsallake wannan zai tarar da tulin ƙarafa a gabansa bai san wanne ke kan wanne ba.

Ginin hawa-hawa ne. Kowane hawa yana da abin aiki ɗaya ko biyu, ruwan wuƙa ko zarto ko almakashi ko sukudireba ko basilla, da sifiri a kwance a bayansu, sannan faranti siriri ya raba shi da hawa na gaba. Irin wannan wuƙa yawanci ba ta da makulli. Sifirin ne ke danne gindin ruwan, shi ke riƙe shi a buɗe, shi ke riƙe shi a rufe. Wadda aka fi sani a duniya ita ce ta sojan Suwizalan da kamfanin Victorinox ke ƙerawa a garin Ibach, wadda Karl Elsener ya yi wa rajista a 1897. Ta gama-gari tsawonta milimita 91 a rufe. Ruwanta ƙarfe ne mara tsatsa mai lamba 1.4110 da taurin kusan HRC 56 (HRC ma'aunin taurin ƙarfe ne), sifirinta 1.4021 da taurin kusan HRC 49, farantan alminiyam ne, ƙusoshin kuma tagulla. In taka ta wani kamfani ce ba ka san ƙarfenta ba, waɗannan sun isa mafari.

Tsaya ka ƙare wa gindin ruwan kallo, domin rabin aikin yana nan. Za ka ga fuskar da sifiri ke kwanciya a kai in wuƙa tana buɗe, da wadda yake kwanciya a kai in tana rufe, da kusurwoyin da ke tsakaninsu. Akwai kafaɗa da ke dukan bakin sifiri ta hana ruwan wucewa baya yayin yanka, akwai kuma ɗan tudu a ƙasa da ke hana kaifin dukan sifiri in an rufe. Kowane ɗayansu yana da aikinsa, kada ka goge shi a zane don ya yi maka ƙanƙanta.

Mataki na biyu: awo

Shimfiɗa sassan a kan gilashin sikana tare da rula, ka ɗauka a kan 600 dpi ko fiye. Sikana ta fi waya saboda ba ta karkatar da hoto. In waya kaɗai gare ka, tsaya nesa ka jawo hoton kusa, kuma kyamarar ta kalli abin kai tsaye daga sama.

Kauri kuwa da kalifa za ka auna, ba daga hoto ba. Auna ruwan a gindi, a tsakiya, da kusa da tsini, a gadon bayansa da kuma dab da kaifi. Auna faɗin kowace ƙusa da kowane rami. Tazarar da ke tsakanin ramukan farantin ita ce awon da ya fi kowanne muhimmanci, maimaita shi sau uku. Sannan ɗora kowane sashe a sikeli ka rubuta nauyinsa, zai yi maka amfani nan gaba kaɗan.

Mataki na uku: zane

Fara da zane guda na uwa wanda ba komai a cikinsa sai tsakiyar ramukan ƙusoshi da layin tsakiyar mariƙi. Duk sauran sassa daga nan za su ɗauki matsayinsu, ta yadda in ka gyara tazara guda komai zai bi. Shigo da hoton sikana, daidaita girmansa da rular da ke ciki, ka bi gefen kowane sashe da miƙaƙƙun layuka da bakuna. Kada ka bi shi da lanƙwasasshen layi mai ɗigo hamsin. Maƙerin asali da baka da layi ya zana abinsa, kuma layi mai ɗigo da yawa raga mai datti yake haifarwa.

Faranti da sifiri da sukudireba ba su da wuya, zane ne a shimfiɗe sai a ba shi kauri. Ruwan wuƙa ne mai ɗan aiki, saboda yana sirancewa ta hanya biyu, daga gadon baya zuwa kaifi, da kuma daga gindi zuwa tsini. Ba shi cikakken kauri tukuna, sannan ka zabtare gefe biyu. Kada ka kai kaifin ga sifili, bar masa faɗin kamar milimita 0.2. Ba abin da wannan zai sauya a ƙarfinsa, amma zai raba ka da dubban sirara-siraran ƙwayoyin raga marasa amfani. Yanka ɗan ramin farcen nan da ake jawo ruwan da shi, ka kuma zagaye duk wata kusurwa ta ciki daidai da yadda take a zahiri. In idonka na ganin kusurwar kamar kaifaffa ce, duba da tabarau mai ƙara girma, za ka tarar tana da ɗan zagaye, ko da na milimita 0.2 ne ko 0.3.

Sifiri yana da nasa sharaɗin: zana shi yadda yake a kan tebur bayan ka cire shi, ba yadda yake a cikin wuƙa ba. A ciki a takure yake tun daga masana'anta. Saboda haka in ka haɗa sassan a kwamfuta za ka ga bakin sifirin ya nutse cikin gindin ruwan da ɗan kaɗan. Ba kuskure ba ne, wannan nutsewar ita ce takurar farko, kuma ita muke nema.

Haɗa sassan, juya kowane abin aiki daga rufe zuwa buɗe ka ga ko yana karo da maƙwabcinsa. Sannan sa wa kowane sashe nauyin ƙarfensa ka kwatanta da abin da sikeli ya ba ka. Ƙarfe mara tsatsa giram 7.7 ne a kowace santimita kubik (cm³), alminiyam 2.7, tagulla kusan 8.5. In bambancin ya haura kashi 3 ko 4 cikin ɗari, wani kauri ne ka auna ba daidai ba, koma ka nemo shi kafin ka ci gaba.

Mataki na huɗu: takarda da biro kafin kwamfuta

Nan ne mutane ke tsallakewa saboda ɗokin ganin hoto mai launi. Ni ma na sha tsallakewa. Amma manhaja ba ta ƙin ba da amsa, ko shirme ka zuba mata za ta fito maka da ja da shuɗi masu kyau, kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata ta da shi sai lissafinka.

Abin da muke nema shi ne matsin da ke cikin ƙarfe, wato yawan ƙarfin da ke kan kowace milimita murabba'i, ana auna shi da megafaskal, MPa. A ce ruwanmu tsawonsa milimita 60 daga ƙusar juyi, faɗinsa 12, kaurinsa 2, muka danna tsini da niyuton 50, wato kamar nauyin kilo biyar. Juyin da ke kan gindi shi ne 50 sau 60, wato 3000. Matsi shi ne wannan juyin a raba da juriyar siffar wurin. Ga siffa mai kusurwa huɗu, juriyar ita ce faɗi sau murabba'in tsayin da ke fuskantar lanƙwasa, a raba da shida.

In yanka ake yi, tsayin da ke fuskantar lanƙwasa shi ne 12: 2 sau 144 a raba da 6 ya ba da 48, matsi ya zama kusan MPa 63. Wannan ba komai ba ne ga ƙarfen da ke jure kusan 2000 kafin ya tsinke. In aka juya aka danna ta gefe, tsayin ya koma 2: 12 sau 4 a raba da 6 ya ba da 8 kacal, matsi ya zama 375. Ninki shida ke nan, da hannu ɗaya da ƙarfi ɗaya.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan gindi, ruwan ba mai kusurwa huɗu ba ne, mai kusurwa uku ne, kuma juriyarsa ta gefe faɗi ne sau murabba'in kauri a raba da 24. Da awonmu ya zama 2, kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Yanzu matsa kusa da tsini, milimita 5 daga ƙarshe, inda faɗi ya koma 4, kauri 0.8. Juriya ta zama kusan 0.107, juyi kuwa 50 sau 5, wato 250. Raba su, za ka sami sama da MPa 2300. Labarin gwangwanin fentina ke nan.

Lissafa ƙusar juyi ma. Yayin yanka, kafaɗar gindi ce ke tokare bakin sifiri, kuma a ce tazararta daga tsakiyar ƙusa milimita 5 ce. Juyin 3000 a raba da 5 ya ba da niyuton 600. Ka ga kilo biyar na hannunka ya zama kilo sittin a kan 'yar ƙusa. In faɗinta milimita 2.5 ne kuma ta wuri biyu ake neman datse ta, matsin kusan MPa 61 ne, tagulla za ta ɗauka. Amma in farantin da ke gefe rabin milimita ne, kowanne yana ɗaukar 300 a kan fili 2.5 sau 0.5, wato MPa 240 a bakin ramin alminiyam. Nan ne rami ke fara faɗaɗa, wuƙa ta fara girgiɗi. Rubuta duk waɗannan lambobi ka ajiye kusa da kai.

Mataki na biyar: rage kaya, sa ƙarfe

Kada ka kai wuƙar gaba ɗaya wurin lissafi. Murafun gefe, zoben makulli, tsinken da ke maƙale a ciki, rubutun kamfani, duk cire su. Hawa ɗaya za ka ɗauka a lokaci guda: abin aikin, sifirinsa, ƙusoshinsa da farantai biyu na gefensa. In wata manhaja za ka kai, fitar da su a fayil ɗin STEP.

Tsaya a kan milimita, niyuton da megafaskal daga farko har ƙarshe. Taurin miƙewa na ƙarfe, wato yadda yake ƙin miƙewa in an ja shi, kusan MPa 200,000 ne da rabon Poisson 0.3 (yadda yake tsukewa ta gefe in an ja shi), alminiyam 70,000 da 0.33, tagulla kusan 100,000 da 0.34. In ka rubuta 200 a wurin 200,000, tsinin wuƙarka zai lanƙwashe mita biyu, manhaja kuwa ba za ta ce uffan ba.

Abu biyu ke rikita masu farawa. Ba ƙarfe ruwa, wato gasa shi a tsoma don ya yi tauri, ba ya sauya taurin miƙewarsa da wani abin kirki. Ɗanyen ƙarfe da wanda aka ba ruwa lanƙwasa ɗaya za su yi a ƙarƙashin ƙaramin lodi, bambancinsu shi ne inda kowanne ke sarewa. Na biyu, alƙaluman juriyar da ke cikin rumbun manhaja sau da yawa na ƙarfen da ba a ba ruwa ba ne, sun yi ƙasa sosai da na wuƙar da ke hannunka. Nemi takardar bayanin ƙarfen a daidai taurinsa. Teburan sauya tauri zuwa ƙarfi suna ba da kimanin MPa 1600 zuwa 1700 ga HRC 49, da kusan 2000 ga HRC 56. Kintace ne, ka riƙe shi a matsayin kintace.

Mataki na shida: ɗauri da lodi

Mafi yawan amsoshin banza daga nan suke fitowa. Kuskuren da kowa ke yi, ni ma na yi, shi ne a zaɓi cikin ramin ƙusa a ce an ƙulle shi gaba ɗaya. Da ka yi haka ka mai da wuƙa mai naɗewa ta zama wadda aka yi wa walda. Ruwan ba zai iya juyawa ba, duk juyin zai tare a bakin rami, kafaɗar da ke ɗaukar niyuton 600 a zahiri za ta fito shuɗiya kamar ba ta aikin komai.

Abin da ya kamata shi ne ƙusa ta zama jiki mai zaman kanta, tsakaninta da rami a sa haɗuwa irin wadda ke turawa amma ba ta ja, mai barin zamewa. Haka tsakanin kafaɗa da bakin sifiri, haka tsakanin fuskokin gindi da farantai. Ɗaurin kansa ka kai shi nesa, can bayan farantai inda tafin hannu ke riƙewa. Ƙa'idar Saint-Venant ta nuna cewa ɓarnar da ɗauri ke yi wa lissafi tana dusashewa in an yi nesa da shi, saboda haka nisanta shi daga inda kake son karantawa.

Lodi kuma kada ka ɗora shi a ɗigo guda. Tsaga ɗan fili a jikin ruwan, kamar milimita 3 ko 4, ka shimfiɗa ƙarfin a kai.

Gwada yanayi daban-daban, kowanne shi kaɗai. Yanka a tsakiyar kaifi da yanka a tsini. Dannawa ta gefe a tsini. Dannawa a gadon baya, wadda ke nuna ƙarfin da zai rufe wuƙar a kan yatsunka, kuma wannan ta fi sauran shafar lafiyar mai riƙo. Sai murɗa sukudireba. Ga wannan ma akwai lissafin hannu: faɗi 6, kauri 2, murɗi na niyuton-mita 2 yana ba da matsin saɓa na kusan MPa 310, wanda a ma'aunin von Mises, mai haɗa matsin kowace fuska ya zama lamba guda, ya kai kusan 540, tun ba a zo bakinsa mai siranta ba. A yanayin yanka, in gefen ruwan biyu iri ɗaya ne, kana iya raba samfurin biyu ta kauri ka lissafa rabi, amma ka tuna ka raba lodin shi ma. A yanayin gefe da murɗi wannan dabara ba ta aiki.

A lodin gefe ka sa ido kan abu guda da lissafin hannu ba ya nunawa: gindin ruwan yana buɗa farantai kamar ana ɓare su, ƙusar tana shan ja ta tsawonta, kanta na neman zarewa. Yawancin tsofaffin wuƙaƙen da ruwansu ke kaɗawa hagu da dama, wannan ne ya same su.

Mataki na bakwai: raga

Manhaja tana daddatsa jikin ƙarfen zuwa ƙananan ƙwayoyi ta lissafa kowacce. Zaɓi ƙwaya mai fuska huɗu mai ƙulli goma, wadda a CalculiX ake kira C3D10. Mai ƙulli huɗu ta cika tauri wajen lanƙwasa, za ta nuna maka wuƙa ta fi ƙarfinta na gaskiya. Ka tabbata aƙalla ƙwaya uku sun jeru a cikin kauri. Ga ruwa mai milimita 2, fara da ƙwaya 0.7 a ko'ina, ka rage zuwa 0.1 a kusurwar kafaɗa, bakin rami, ramin farce da inda zabtarewa ta fara.

Lissafa, rubuta matsi mafi girma a wurin da kake bibiya, rage girman ƙwaya da rabi a wurin, sake lissafawa. A ce ka sami 610, sai 680, sai 700, sai 705. Wannan ya zauna, ka yarda da shi. In kuwa ka ga 900, sai 1300, sai 1900, yana ta hawa ba alamar tsayawa, to kaifaffar kusurwa ce ka bari ko lodi a ɗigo guda. A lissafi irin wannan wuri matsinsa ba shi da iyaka, ko kwana za ka yi kana rage raga. Na taɓa ɓata yini guda ina neman dalilin MPa dubu tara a kafaɗar wata wuƙa, ashe zagayen milimita 0.3 na manta ban sa ba.

Mataki na takwas: sifiri

Wannan shi ne sashen da ya fi wahala, shi ne kuma ya fi daɗi. Fara da biro. A ce daga ƙusar tsakiya zuwa bakin sifiri milimita 35 ne, tsayinsa 3, kaurinsa 2, kuma kusurwar gindi tana ɗaga shi milimita 1.5 gaba ɗaya, har da takurar farko. Matsi a tushensa shi ne 3 sau 200,000 sau 3 sau 1.5, a raba da 2 sau murabba'in 35. Amsa kusan MPa 1100, ƙarfin da yake dannawa da shi kuma kusan niyuton 95. In ɗagawar ta kai milimita 2, matsi ya haura 1450. Kwatanta da 63 na yanka. Sashen da ba wanda ke kallo shi ne ke zaune dab da iyakarsa, kuma buɗewa kawai ke kai shi can, ba sai an yanka komai ba.

Tunda sifiri da gindi kaurinsu bai ɗaya ne, ba ka buƙatar cikakken jiki. Yi lissafin a shimfiɗe, mai fuska biyu, zai gama cikin mintuna. Kunna lissafin babbar lanƙwasa. A zango na farko ka sa manhaja ta warware nutsewar nan da muka bari, ko ka ture bakin sifirin baya sannan ka sake shi ya kwanta a kan gindi. A zango na biyu ka juya ruwan daga rufe zuwa buɗe, digiri biyu-biyu ko ƙasa da haka. Gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe mai ɗan mai ka sa ta 0.1 zuwa 0.15. In lissafin ya tsaya a hanya, yawanci a daidai lokacin da kusurwa ke tsallake bakin sifiri ne. Rage taku, ƙara laushin raga a kusurwar, ka tabbata zagayayya ce.

Abu biyu za ka fitar. Na farko matsin tushen sifiri a kowane digiri. Na biyu juyin da ake buƙata a kowane digiri, wanda shi ne abin da farce ke ji. In ka zana wannan juyin a jadawali, zanen zai tashi da sauri a farko, ya kai ƙololuwa, ya sauko, sannan ya koma ƙasa da sifili inda ruwan ke fizgar kansa ya buɗe da 'yar ƙarar nan tas. Gyara zagayen kusurwa da milimita 0.2 ka ga yadda zanen zai sauya, a nan za ka san abin da ya bambanta wuƙa mai daɗin buɗewa da mai karya farce.

Jan launi mai ƙarfi da za ka gani a daidai inda kusurwa ke taɓa sifiri kada ya firgita ka. Matsin dannawa ne a ɗan ƙaramin wuri, abin da yake jawowa shi ne cinyewa a hankali, ba karaya ba. In kayan aiki biyu ne ke kan sifiri ɗaya, ɗaya a kowane ƙarshe, gwada su duka biyu a rabin buɗewa. Shi ne yanayi mafi muni da sifirin zai shiga, shi ya sa masu tara wuƙaƙe ke hana yin haka.

Tunda abu ne mai maimaituwa, duba gajiyar ƙarfe. Buɗewa goma a rana na shekara goma 36,500 ne, kowacce kuma da rufewarta, wato aƙalla hawa da sauka 73,000. Matsin ba ya dawowa sifili saboda takurar farko, don haka ka yi amfani da gyaran Goodman mai lura da matsakaicin matsi.

Mataki na tara: karanta sakamako

Kafin ka kalli launi, duba ko ƙarfin da ɗauri ya mayar ya yi daidai da wanda ka ɗora. Sannan duba siffar lanƙwasar, ko ta nufi inda hankali ya ce. Ka tuna manhaja tana ƙara girman lanƙwasa a hoto, mai da shi ɗaya bisa ɗaya. Sai ka ɗauko takardarka: sandar milimita 60 mai 12 da 2 a ƙarƙashin niyuton 50 ta gefe tana gocewa milimita 2.25 a lissafi. Ruwa na gaskiya ya fi ta siranta, don haka dole nasa ya fi haka. In ya fito ƙasa, akwai abin da ka ƙulle wanda bai kamata ba.

Ga alminiyam da tagulla, masu lanƙwashewa kafin su tsinke, karanta von Mises ka kwatanta da iyakar da suke daina komawa yadda suke. Ga ruwa mai HRC 56, wanda ba ya ba da dogon gargaɗi, ka haɗa da matsin ja mafi girma, domin tsagewa daga gefen da ake ja take farawa. A bakin rami ka sa ran matsi ya ninka. Rami zagayayye a faffaɗan faranti da ake ja yana ninka shi sau uku, abin da Kirsch ya warware tun 1898. Gyara ma'aunin launin da hannunka, ja ya fara daga iyakar ƙarfen, in ba haka ba manhaja za ta shafa wa wuri mafi girma ja ko da MPa 20 ne.

Mataki na goma: kai ta kan benci

Samo wuƙa ta biyu irin wadda ka kwance. Sa tabarau na kariya tukuna, ƙarfe mai tauri in ya karye tsalle yake yi. Matse gindin ruwan a bais, wato abin matse ƙarfe na kan benci, a kwance, fuskarsa na kallon sama, ka rataya gorar ruwa lita ɗaya da zare a wurin da ka yi wa alama kusa da tsini. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kusan niyuton 9.8, ka auna har da gorar. Auna gocewar da agogon awo ko wutsiyar kalifa, ƙara gora ta biyu ka ga ko ta ninka. Kada ka wuce biyu, ba karyawa muka zo yi ba.

Koma kwamfuta ka maimaita wannan yanayin daidai, ɗauri inda bais ya kama, lodi inda zare ya rataya. In bambancin bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, samfurin ruwanka ya samu. In benci ya nuna gocewa fiye da kwamfuta, fara zargin bais ɗin, domin ba ya riƙewa kamar ɗaurin lissafi. In har yanzu ba su haɗu ba, sake auna kauri: taurin lanƙwasa yana tafiya da kauri sau kauri sau kauri, kuskuren milimita 0.1 a kan 2 yana kawo bambancin kusan kashi 15.

Sifiri kuma da ƙaramin sikelin rataya ake gwada shi. Maƙala zare a ramin farce, ja ta yadda zaren zai yi kusurwar digiri 90 da jikin ruwan, ka karanta lamba mafi girma kafin ya taso. Ninka ta da tazarar ramin farce daga ƙusa, ka ɗora a kan ƙololuwar farko ta zanen juyin da ka fitar. Yi gwajin sau ɗaya a bushe, sannan ka ɗiga mai a gindin ka sake. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita za ta gaya maka adadin gogayyar da ya kamata ka koma ka rubuta a mataki na takwas.